Burrow da Chase suna nan, me ya hana Bengals shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ban daɗe da fara kallon ƙwallon Amurka ba, kuma Cincinnati Bengals nake goyon baya saboda Joe Burrow da Ja'Marr Chase. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, an ce a kakar 2024 babu kwatabak da ya kama ƙafar Burrow, babu mai cafke ƙwallo da ya kai Chase, amma ƙungiyar ba ta shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale ba. Ya aka yi haka? Kuma da me mutum zai auna ko ƙungiyarsa tana da damar shiga?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da aka gaya maka gaskiya ne. A kakar 2024 Burrow, kwatabak ɗin ƙungiyar, wato mai jagorantar hari da jefa ƙwallo, shi ne ya fi kowa a NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, yawan yadin jifa, 4,918, kuma shi ya fi kowa jifan da ya zama tacdawun, wato kai ƙwallo gidan ci na abokan hamayya, guda 43. Chase ya haɗa uku rigis: ya cafke ƙwallo 127, ya ci yadi 1,708, ya yi tacdawun 17, kuma a kowanne shi ne na ɗaya. Ƙara da Trey Hendrickson a ɓangaren tsaro, wanda ya fi kowa kayar da kwatabak kafin ya jefa, sau 17 da rabi. Duk da wannan, ƙungiyar ta ƙare da nasara 9 da rashin nasara 8, ta tattara komatsanta a makon farko na Janairu ta bar wasu suna fafatawa.

Dalilin yana cikin tsarin gasar, kuma idan ka gane tsarin ka gane rabin amsar. Wasa 17 kacal kowace ƙungiya take yi a kaka. Wanda ya saba da gasar Firimiya ta Ingila, inda ake wasa 38, yakan ɗauki rashin nasara a farkon kaka da sauƙi, ya ce ai da sauran lokaci. A NFL wasa ɗaya ya fi biyu na Firimiya nauyi, kuma canjaras abu ne da ba kasafai ake gani ba, don haka ko ka ci ko a ci ka. Wanda aka yi sakaci da shi a Satumba, lissafinsa ɗaya da na ƙarshen Disamba.

Ƙungiyoyi 32 ne, an raba su ɓangare biyu, AFC da NFC, kowanne 16. Kowane ɓangare yana da rukuni huɗu, kowane rukuni ƙungiya huɗu. Tun daga kakar 2020 ƙungiya bakwai ke wucewa daga kowane ɓangare. Kafin nan shida ne. Ƙofar shiga biyu ce. Ta farko, ka zo na ɗaya a rukuninka: waɗannan huɗun su ke ɗaukar matsayi na 1 zuwa na 4, su karɓi baƙuncin wasan farko a gidansu, wanda ya fi kowa a cikinsu kuma ya huta a makon farko. Ta biyu ita ce guraben alfarma guda uku, na waɗanda ba su ci rukuni ba amma sun fi sauran yawan nasara a ɓangaren. Bengals tana rukunin AFC ta Arewa tare da Baltimore Ravens, Pittsburgh Steelers da Cleveland Browns.

Wannan tsari ba ya ƙoƙarin yin adalci tsakanin rukuni da rukuni, kuma ba ya ɓoye hakan. A 2010 Seattle Seahawks ta ci rukuninta da nasara 7 da rashin nasara 9, ta karɓi New Orleans Saints mai riƙe da kofi a gida, ta kuma doke ta 41-36. Washington ta shiga da 7-9 a 2020, Tampa Bay Buccaneers ta shiga da 8-9 a 2022. A ɗaya gefen, New England Patriots ta yi 11-5 a 2008, shekarar da Tom Brady ya ji ciwo a gwiwa tun wasan farko, amma ta zauna a gida. A 2024 Minnesota Vikings ta ci wasa 14, sai dai Detroit Lions da ke rukuninta ta ci 15, don haka Vikings ta faɗa gurbin alfarma, ta je a matsayin baƙuwa wurin Los Angeles Rams mai nasara 10, aka yi waje da ita. Saboda haka tambayar farko da za ka yi ba ita ce ko ƙungiyata tana da kyau ba. Tambayar ita ce, su wa muke zaune da su a rukuni?

Ga Bengals amsar ba ta da daɗi. Ravens tana da Lamar Jackson, wanda sau biyu ana zaɓensa gwarzon ɗan wasan gasar, a 2019 da 2023. Steelers kuwa, shekara da shekaru a ƙarƙashin koci Mike Tomlin ba ta yi kakar da rashin nasara ya rinjayi nasara ba. A 2023 duka huɗun sun ƙare da nasara fiye da rashinta: Ravens 13-4, Browns 11-6, Steelers 10-7, Bengals 9-8. Uku suka shiga, Bengals ce kurar baya. Da wannan sakamako na 9-8 Buccaneers ta ci rukuninta a wannan shekarar.

Sai maganar jadawali, don ba kowace nasara ce ke da daraja ɗaya ba. A cikin wasa 17, shida da 'yan rukuninka za ka yi, gida da waje. Wasu shida da sauran ƙungiyoyin ɓangarenka, biyar kuma da na ɗaya ɓangaren. Idan ƙungiyoyi biyu suka yi kunnen doki, ba a duba yawan makin da aka ci kamar yadda ake duba bambancin ƙwallaye a Turai, sai can ƙasa sosai. Abin da ake fara dubawa shi ne wa ya doke wa da suka haɗu. Idan 'yan rukuni ɗaya ne, a duba sakamakonsu a cikin rukunin, sannan wasannin da suka yi da abokan hamayya iri ɗaya, sannan sakamakonsu a ɓangaren. Idan gurbin alfarma ake nema tsakanin rukuni daban-daban, bayan karawar kai-tsaye sai sakamakon ɓangare. A 2023 Bengals ta cinye duka wasanninta biyar da ƙungiyoyin NFC, har da San Francisco 49ers da ta kai Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofi, a kakar, amma a cikin rukuninta wasa ɗaya ta ci cikin shida, a ɓangaren AFC kuma huɗu cikin 12. Ta ci wasannin da ba su da amfani wajen raba gardama, ta zubar da masu amfanin. Kuma duk wasan da Steelers ta doke ka, asara biyu ka yi: naka ya ragu, na wanda kuke neman kujera ɗaya da shi ya ƙaru.

Nasara nawa ake bukata? Dubi waɗanda suka ɗauki kujera ta bakwai a AFC daga 2021, da aka koma wasa 17, zuwa 2024. A 2021 Steelers ce da nasara 9, rashin nasara 7 da canjaras 1. A 2022 Miami Dolphins da 9-8. A 2023 Steelers da 10-7, a 2024 Denver Broncos da 10-7. Wato tara caca ce, wata shekarar ta isa, wata shekarar ba ta isa ba. Goma kusan kullum tana isa, ko da yake Seahawks ta yi goma a 2024 ta rasa, don Rams ta ƙwace rukunin da ma'aunin ƙarfin ƙungiyoyin da kowa ya doke. Sha ɗaya kuwa, a tsarin kujeru bakwai, sai ka kwana da minsharinka. Duk lissafin damar ƙungiya, idan ka tace shi, tambaya ɗaya ce: daga ina nasara goma za ta fito?

Yanzu mu zo kan 2024 ɗin da ka tambaya. Mutane sun fi tuna makon ƙarshe, amma ni a wurina an rasa kujerar tun ranar farko. Patriots ce ta zo Cincinnati, ƙungiyar da ke da sabon koci, Jerod Mayo, da Jacoby Brissett a matsayin kwatabak, wadda a ƙarshe wasa huɗu kacal ta ci a duk kakar. Chase bai yi atisaye da 'yan'uwansa yadda ya kamata ba a lokacin shiri, saboda taƙaddamar kwantiragi. Tee Higgins, abokin Chase a cafke ƙwallo, yana jinyar cinya. Tanner Hudson ya cafke ƙwallo, saura taku kaɗan ya shiga gidan ci, aka buge ta daga hannunsa, Patriots ta ɗauke. Aka tashi 16-10. A lokacin mutane da yawa sun ce ai wasan farko ne, jiki bai warware ba.

To ga abin da wannan wasa ya jawo. Da Bengals ta ci shi, komai kuma ya tafi yadda ya tafi, da ta ƙare 10-7, daidai da Steelers da Broncos, ƙungiya uku a kan kujera biyu. Steelers ta doke Broncos a mako na biyu, Bengals ma ta doke Broncos a mako na 17. Ko ta wace hanya ka juya ƙa'idar raba gardama, Broncos ce za ta fita, Bengals ta shiga. Ba wasan Ravens ba, ba na Kansas City Chiefs ba: wasa ɗaya a gida da ɗaya daga cikin ƙungiyoyi mafi rauni a gasar.

Ba shi kaɗai ba ne. A mako na biyu a gidan Chiefs, Bengals tana gaba saura daƙiƙu, Chiefs tana damarta ta huɗu kuma ta ƙarshe, tana bukatar yadi 16. Jifan Patrick Mahomes bai shiga hannu ba, amma sabon ɗan baya Daijahn Anthony ya bangaji mai cafkewa kafin ƙwallo ta iso, alƙalin wasa ya jefa ƙyallen laifi, Chiefs ta samu sabuwar dama. Harrison Butker na Chiefs ya buga ƙwallo da ƙafa daga yadi 51, ya ci maki uku, aka tashi 26-25. A mako na uku Washington Commanders ta ci 38-33, a wasan da 'yan bayan Bengals ba su tilasta mata ta buge ƙwallo ta sallama wa Bengals ita ba ko sau ɗaya, kuma Jayden Daniels, kwatabak ɗinta ɗan shekarar farko, ya yi jifa 23, 21 suka shiga hannu.

Wanda ya fi ciwo shi ne na mako na biyar da Ravens. Burrow ya jefa tacdawun biyar. An shiga ƙarin lokaci, ƙwallo ta suɓuce wa Lamar Jackson, Bengals ta ɗauke a yankin Ravens. Maki uku kawai take bukata. Maimakon a bar mutumin da ya yini yana yayyaga Ravens ya ƙara matso da ƙwallon, koci Zac Taylor ya sa aka yi gudu da ita sau uku a jere, aka tsaya a nesa, aka kira Evan McPherson ya buga daga yadi 53. Mai riƙe masa ƙwallon bai dasa ta daidai ba, bugun ya kauce. Nan take Derrick Henry na Ravens ya ɓalle da gudun yadi 51, Justin Tucker ya ƙarasa, 41-38. Har yau ina ganin wannan shawara ta Taylor tsoro ce, ba dabara ba. Da suka sake haɗuwa a mako na goma, Chase ya ci yadi 264 da tacdawun uku shi kaɗai, Bengals ta nemi maki biyu bayan tacdawun na ƙarshe don ta ci wasan gaba ɗaya, jifan bai shiga ba, 35-34.

Cikin wasa takwas da Bengals ta rasa a kakar, bakwai da tazarar maki bakwai ko ƙasa da haka ne. Philadelphia Eagles ce kaɗai ta yi mata dukan kawo wuƙa, 37-17. A nan masu lissafi za su ce maka rashin sa'a ne, kuma suna da hujja. Wasan da aka tashi da ɗan bambanci, sakamakonsa yakan rataya a kan abu ɗaya ko biyu da ba sa maimaituwa: ƙwallon da ta suɓuce, hukuncin alƙali, bugun da ya daki sanda. Ƙungiyar da ta cinye irin waɗannan wasanni a bana ba lalle ta cinye su baɗi ba. Vikings ta 2022 ita ce misalin da kowa ke kawowa: ta ci duka wasanni 11 da aka tashi da tazarar maki takwas ko ƙasa, ta ƙare 13-4, alhali jimillar makin da aka zura mata ya fi wanda ta ci da uku. New York Giants ta fitar da ita a zagayen farko, shekara ta gaba ta yi 7-10. Saboda haka idan kana auna ƙungiya, dubi bambancin makin da ta ci da wanda aka ci ta. Yakan faɗi gaskiyar da teburi ya ɓoye.

Sai dai ban yarda a ɗora wa sa'a duka laifin Bengals ba. A 2024 ta ci maki 472, an ci ta 434. Bambancin 38 a wasa 17 bai nuna ƙungiyar da aka zalunta ba, ya nuna ƙungiyar nasara tara ko goma, kuma tara ta samu. Sau huɗu ta ci maki 33 ko fiye aka doke ta: 33 da Commanders, 38 da 34 da Ravens, 38 da Steelers a wasan da aka tashi 44-38. Wanda ya ci 38 ya kwana da rashin nasara, ba ƙwallo ce ta ƙi shi ba, bayansa ne a buɗe. Abin da ya sa wasanninta suke ƙarewa da ɗan bambanci shi ne Burrow yana rufe ramin da 'yan baya suke haƙawa. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Da kakar ta ƙare aka sallami Lou Anarumo, mai tsara tsaro, aka ɗauko Al Golden daga jami'ar Notre Dame.

Raunin tsaron ma yana da tushe, kuma tushen kuɗi ne. A NFL akwai iyakar albashi da ta hau kan kowace ƙungiya daidai wa daida: dala miliyan 255.4 a 2024, miliyan 279.2 a 2025. Babu wani attajiri da zai zo ya sayi taurari goma sha ɗaya. Lokacin da Bengals ta kai Super Bowl a kakar 2021, Burrow da Chase da Higgins duk suna kan kwantiragin sababbin shiga, mai arha, don haka akwai rarar da aka ɗauko 'yan baya irin su Hendrickson da D.J. Reader. A Satumban 2023 Burrow ya sa hannu a kan dala miliyan 275 na shekara biyar. A Maris 2025 Chase ya karɓi miliyan 161 na shekara huɗu, Higgins miliyan 115 na shekara huɗu. Ba haka kai-tsaye ake lissafa su a kan iyakar ba, don ana rarraba kuɗin sa hannu a kan shekaru, amma ko ta yaya aka rarraba, mutum uku sun ɗauki kaso mai tsoka. Jessie Bates ya tafi Atlanta Falcons a 2023, Reader ya tafi Lions a 2024. Ƙungiyar da ta zaɓi wannan hanya dole ta riƙa dacewa a zaɓen matasa daga jami'o'i, don su ne masu arha, kuma a ɓangaren tsaro zaɓen Bengals na shekarun nan bai haifar da abin da ake bukata ba.

Akwai kuma cutar Satumba. Daga 2019 da Taylor ya karɓi ƙungiyar zuwa 2024, a wasannin makonni biyu na farko, Bengals ta yi 12, ta ci ɗaya. Wani ɓangaren uzuri ne na gaske: an yi wa Burrow tiyatar afendis a Yulin 2022, ya ji ciwo a sha-raɓa a Yulin 2023, har ya buɗe kakar da yadi 82 kacal a wasan da Browns ta ci 24-3. A 2022 sun tashi daga 0-2 suka ƙare 12-4, abin da ya sa magoya baya suka fara ɗauka cewa jinkirin farko ba komai ba ne. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. Houston Texans ta fara da 0-3 a 2018 ta shiga, San Diego Chargers ta fara da 0-4 a 1992 ta shiga, kuma abin da ya sa ake ta ambaton su shi ne ƙarancin irinsu. Masu farfaɗowa a makare galibi rukuninsu ne ya taimake su. Jacksonville Jaguars ta tashi daga 3-7 a 2022 ta ci rukuni da 9-8, amma don Tennessee Titans ta rasa wasa bakwai na ƙarshe a jere ne. A shekarar Lions ta tashi daga 1-6 ta kai 9-8 ɗin, ta rasa kujera ga Seahawks saboda wasan da Seahawks ta doke ta 48-45 tun a mako na huɗu.

Bengals ta 2024 ta bi sawun Lions. Tana 4-8 a farkon Disamba, ta ci biyar a jere: Dallas Cowboys, Titans, Browns, Broncos a ƙarin lokaci 30-24, sannan Steelers 19-17 ranar Asabar ta makon ƙarshe. Daga nan sai zaman jiran tsammani. Tana bukatar Dolphins ta faɗi, Broncos ma ta faɗi. New York Jets ta yi mata aikin farko, ta doke Dolphins. Amma Broncos da Chiefs za ta kara, kuma Chiefs ta riga ta tabbatar da matsayi na ɗaya, ba ta da abin nema. Kocinta Andy Reid ya zaunar da Mahomes da manyan 'yan wasansa, ya sa Carson Wentz, aka ci su 38-0. Wasu magoya bayan Cincinnati sun yi ta ƙorafi cewa da gangan Chiefs ta yi don gudun haɗuwa da Burrow. Ban ga laifin Reid ba. Kowane koci da ke matsayinsa haka zai yi, don ba zai sa kwatabak ɗinsa a haɗari saboda ƙungiyar da Patriots ta doke a gida ba. Darasin lissafi a nan shi ne, idan kana duba sauran wasannin abokan takararka, kada ka tsaya a sunan wanda za su kara da shi. Tambayi ko wancan yana da abin nema a ranar.

Abu na ƙarshe da ke iya rushe duk lissafin da ke sama shi ne lafiyar kwatabak. Babu wani matsayi a wasannin ƙungiya da ya kai wannan tasiri. A 2020 gwiwar Burrow ta lalace a wasa da Washington, kakarsa ta farko ta ƙare a Nuwamba. A 2023 jijiyar wuyan hannunsa ta tsinke a Baltimore a mako na 11. Jake Browning ya riƙe ƙungiyar da mutunci, ya ci huɗu cikin bakwai, amma bai isa ba. A 2025 sun magance matsalar Satumba, sun ci wasa biyu na farko, sai Burrow ya ji ciwo a babban ɗan yatsan ƙafa a wasa na biyun da Jaguars, aka yi masa tiyata. Aka ɗauko Joe Flacco daga Browns, dattijo mai shekara 40, kuma ya yi abin da ya fi ƙarfin tsammani. Me ya faru? Jets, wadda ba ta ci wasa ko ɗaya ba kafin ranar, ta doke su 39-38. Mako na gaba Chicago Bears ta doke su 47-42. Maki 80 a wasa biyu, babu nasara ko ɗaya. Kaka ta uku a jere ke nan ba su shiga ba. Raunin Burrow ma ba daga sama yake faɗowa ba: a kakar 2021 an kayar da shi sau 51, a wasan sili-ɗaya-ƙwale da Titans sau tara, a Super Bowl da Rams ta ci 23-20 sau bakwai. Masu kare shi a layin gaba sun daɗe suna barin sa yana shan duka.

Game da alƙaluman da za ka riƙa gani a talabijin da intanet, cewa ƙungiya kaza tana da kashi 30 ko kashi 60 na damar shiga, ga yadda ake samo su. Ana ba kowace ƙungiya ma'aunin ƙarfi, a sa kwamfuta ta buga sauran wasannin kakar sau dubbai, a ƙirga sau nawa ƙungiyar ta shiga. Suna da amfani, musamman daga Nuwamba, don suna riƙe ƙa'idojin raba gardama da kan mutum ba zai iya riƙewa ba. Amma a Satumba yawancin abin da ke cikinsu hasashen bara ne, kuma rauni ɗaya kan iya kifar da su a dare ɗaya. Kai ma kana iya yin naka da biro da takarda. Ɗauki jadawalin, ware wasannin da ya kamata a ci, da waɗanda za a iya ci ko a rasa, da masu wuya. Ba rukunin tsakiyar rabi-rabi, kada son zuciya ya sa ka ba ƙungiyarka duka. Idan jimillar ba ta kai goma ba, sai ka duba ko rukuninku mai rauni ne da tara za ta iya ci. Akwai ɗan sauƙi guda: wasa uku cikin 17 ana haɗa su ne bisa matsayin da ka ƙare a bara, don haka wanda ya zo na uku ko na huɗu a rukuni yakan samu abokan karawa masu ɗan sauƙi a waɗannan ukun.

Hukuncina a kan Bengals shi ne wannan. Duk kakar da Burrow ya buga wasa 16 ko 17, ƙungiyar ba ta yi ƙasa da nasara tara ba: 10 a 2021, 12 a 2022, 9 a 2024. Bambancin shekarun da ta shiga da wadda ba ta shiga ba yana baya: a 2022 maki 322 aka zura mata a wasa 16, kusan 20 a kowane wasa, a 2024 kuwa sama da 25. Ba ta bukatar tsaro mafi kyau a gasar. Matsakaici ya ishe ta, wanda zai riƙe abokin karawa a maki 21 zuwa 23, don Burrow da Chase da Higgins za su kawo 27 ko fiye a yawancin ranaku. Idan ta samu wannan, Burrow kuma ya kai Janairu da ƙafafunsa, ina ba ta nasara 10 zuwa 11, kuma damar shigarta ta fi ta rashin shiga. Idan ɗaya daga cikin biyun ya ɓace, tara ce iyakarta, sai ta koma roƙon wasu su yi mata aiki. Idan duka biyun suka ɓace, tun kafin Disamba za ka san inda aka dosa. Idan sabuwar kaka ta fara, bar kallon yadin Chase, za su zo da kansu. Rubuta makin da aka zura wa Bengals a wasa huɗu na farko, ka raba huɗu, sannan ka duba yadda ta yi a karawarta ta farko da Ravens da Steelers.